Jiƙaƙƙen abincin kyanwa

Jiƙaƙƙen abincin kyanwa shi ne abincin da masana'antu ke dafawa su rufe a gwangwani, ko a leda mai kauri, ko a ɗan farantin alminiyam, domin ciyar da kyanwar gida. Abin da ya raba shi da busasshen abinci mai ƙwaya-ƙwaya shi ne ruwa: galibi kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne, alhali busasshen bai cika wuce kashi 10 ba. Wani a niƙe yake zuwa lukui, wani gutsattsari cikin romo, wani kuma cikin romon da ya daskare. Ƙamshinsa da hoton da ke jikin gwangwani ba su ne ma'aunin ingancinsa ba. Ma'aunin shi ne ko ya ƙunshi duk abin da jikin kyanwa ba ya iya haɗa wa kansa.

Jikin kyanwa da abin da yake nema

Kyanwa maciyar nama ce ta dole. Kare yana iya rayuwa da gauraye-gaurayen abinci, ita kuwa akwai sinadaran da sai a jikin dabba take samun su. Jikinta ba ya mayar da sinadarin launin karas zuwa bitamin A kamar yadda na mutum yake yi, sai ta ci shi a shirye daga hanta da makamantanta. Fatarta ba ta haɗa isasshen bitamin D ko da ta wuni a rana. Akwai nau'in kitse da take buƙata wanda a kitsen dabba ake samu. Sinadarin arjinin da ke cikin furotin kuwa, gwaji ya nuna cin abinci ɗaya tak da babu shi ya isa ya tara mata guba a jini cikin sa'o'i. Sai sinadarin torin da ake samu a jikin dabba, wanda labarinsa ya canja sana'ar nan baki ɗaya. Ko zaƙi ma ba ta ji: a 2005 masu bincike a Cibiyar Monell da ke Filadalfiya suka gano cewa ƙwayar halittar da ke sa harshe ya ji zaƙi ba ta aiki a jikin kyanwa.

Kyanwar gida ta samo asali ne daga kyanwar daji ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, dabbar da ta saba da ƙarancin ruwa. Ɓera da tsuntsun da take kamawa kusan kashi 70 cikin 100 na jikinsu ruwa ne, saboda haka a cikin abinci take shan mafi yawan ruwanta, kuma ƙishirwa ba ta cika tura ta bakin kwano ba. A nan jiƙaƙƙen abinci ya fi ƙarfi. Kyanwar da ke cin sa takan sami ruwa fiye da mai cin busasshe zalla, fitsarinta ya fi tsinkewa, shi ya sa likitocin dabbobi kan ba da shawararsa ga mai fama da tsakuwar mafitsara ko ciwon ƙoda. Muzuru ya fi shiga haɗari, domin hanyar fitsarinsa siririya ce kuma takan toshe.

Tarihi

Kafin gwangwani, kyanwa farauta take yi ta haɗa da ragowar abincin gida. A Landan ta ƙarni na 19 akwai masu tallar naman kyanwa, suna bin gida-gida da dafaffen naman doki a soke a tsinke, kyanwoyin unguwa na biye da su. Hanyar adana abinci ta rufewa da tafasawa kuwa Bafaranshe Nicolas Appert ne ya bayyana ta a 1810, da kwalabe yake aiki, a shekarar ce kuma Peter Durand ya yi rajistar gwangwanin ƙarfe a Ingila. Dabbobin gida ba su shiga lissafin ba sai wajen 1860, lokacin da James Spratt, Ba'amurke mazaunin Landan, ya fara sayar da biskit ɗin karnuka.

Abincin dabba na gwangwani ya kafu a Amurka a 1922 da Ken-L Ration, na karnuka, wanda aka yi da naman doki a garin Rockford na jihar Illinois. Motoci sun fara raba dawaki da aiki, namansu ya yi araha. Na kyanwa ya biyo baya a wajen shekarun 1930, yawancinsa daga rarar kifi. Yaƙin Duniya na Biyu ya katse wannan ci gaba, domin an taƙaita ƙarfen gwangwani, masana'antu suka karkata ga busasshen abinci, a shekarun 1950 kuma kamfanin Purina ya kawo injin da ke fitar da ƙwayoyin busasshen abinci irin waɗanda aka sani yau. Gwangwani ya dawo bayan yaƙi. Abincin kyanwa mai suna Whiskas ya fito a Birtaniya a 1958, Fancy Feast ya fito a Amurka a 1982 da ƙananan gwangwanaye na ci ɗaya.

Mafi muhimmancin ɓangaren tarihin nan a ɗakin likita aka rubuta shi, kuma kyanwoyi ne suka biya farashinsa da lafiyarsu. A shekarun 1950 aka fara ba da rahoton kyanwoyin da ake ciyarwa da jan naman kifin tuna na gwangwani suna zazzaɓi, ba sa son a taɓa su saboda zafi, kitsen jikinsu ya koma ruwan ɗorawa ya taurare. Ƙarancin bitamin E ne. A 1975 K. C. Hayes da abokan aikinsa suka nuna a mujallar Science cewa rashin torin yana lalata tantanin gani na idon kyanwa har ta makance. Bayan shekara 12, a 1987, Paul Pion da takwarorinsa na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka wallafa abin da ya girgiza masana'antun: ciwon da ke sa zuciyar kyanwa ta buɗe ta saki har ta kasa tura jini, wanda a da ake ɗauka ba shi da magani, yana da alaƙa da ƙarancin torin, kuma kyanwoyin da abin ya shafa abincin kanti suke ci. Da aka ba su torin zukatansu suka farfaɗo. Masana'antu suka ƙara shi a abinci, ciwon ya yi ƙaranci ƙwarai.

Wani abin lura da ya biyo baya shi ne abincin gwangwani ya fi busasshe buƙatar torin. Zafin dahuwa yana canja furotin ta yadda ƙwayoyin cutar hanji ke cinye torin da yawa, ita kuma kyanwa kullum tana asarar sa ta ruwan maɗaciya. Shi ya sa ƙa'idar Amurka ta sa mafi ƙarancinsa kashi 0.2 cikin 100 a abincin gwangwani bayan an cire ruwa, ninki biyu na kashi 0.1 da aka sa wa busasshe.

Wani darasin ya zo a watan Maris na 2007, lokacin da kamfanin Menu Foods na Kanada ya janye gwangwanaye da ledoji kusan miliyan 60 na abinci mai romo, bayan kyanwoyi da karnuka sun fara mutuwa da ciwon ƙoda. An gano cewa furotin ɗin alkama da aka shigo da shi daga Sin an yi masa algus da melamin, sinadarin yin roba. Dalilin algus ɗin ya shafi mai saye kai tsaye: awon furotin da ake yi a ɗakin gwaji sinadarin naitirojin yake ƙirgawa, melamin kuwa cike yake da shi. Lambar furotin da ke jikin gwangwani tana faɗin yawa ne kawai, ba ta faɗin daga ina ya fito ko jiki zai amfana da shi.

Yadda ake yin sa

Ana niƙa nama da kayan ciki, a zuba ruwa da bitamin da ma'adanai da abin da zai sa kauri, a ɗura, a rufe, sannan a dafa shi a rufe cikin tukunyar tururi da zafin da ya kai wajen digiri 121 a ma'aunin Salshiyas. Wannan ne ke sa ya daɗe ba tare da maganin hana ruɓewa ba. Zafin yana cin bitamin B1, don haka ake zuba shi da rara tun farko.

Karanta jikin gwangwani

Abu na farko da ake nema shi ne ɗan layin da ke cewa abincin cikakke ne. Akwai wanda aka yi don ya zama abinci shi kaɗai, akwai kuma na marmari da aka yi don haɗawa da wani. Abin takaici, na marmarin ne sau da yawa ya fi kyau a ido: farin tsokar kaza ko kifi zalla cikin romo garai-garai, kamar abincin mutum. Tsoka zalla ba ta da isasshen kalsiyam, kuma kyanwar da ta dogara da ita wata da watanni ƙashinta zai yi rauni. A Amurka ƙungiyar jami'an kula da abincin dabbobi, AAFCO, wadda aka kafa a 1909, ita ke tsara ma'aunin, a Turai kuma FEDIAF, ƙungiyar masana'antun da aka kafa a 1970. AAFCO ba ta gwada abinci da kanta kuma ba ta ba da shaidar amincewa. Kamfani ne ke bayyana cewa ya bi ma'auninta, ko dai ta lissafin sinadarai, ko ta gwajin ciyarwa, wanda ga manyan kyanwoyi mako 26 ne, ana farawa da dabba 8 aƙalla. Layin yana kuma faɗin wa aka yi wa abincin: 'yar kyanwa mai tasowa da mai ciki da mai shayarwa buƙatarsu ta fi ta babba. Mafi ƙarancin furotin a ma'aunin AAFCO kashi 30 ne ga masu tasowa, kashi 26 ga manya, kitse kashi 9, duka bayan an cire ruwa.

Wannan cire ruwan shi ke rikita masu saye. Gwangwani ya ce furotin kashi 10, buhun busasshe ya ce kashi 30, sai mutum ya ɗauka buhun ya ninka shi uku. Idan gwangwanin ruwansa kashi 78 ne, abin da ya rage kashi 22 ne, kuma 10 cikin 22 ya haura kashi 45. Buhun mai ruwa kashi 10 kuwa 30 cikin 90 ne, wato kashi 33. Gwangwanin ne a gaba.

Sunan abinci ma yana da doka. A tsarin da aka daɗe ana bi a Amurka, idan sunan ya ce kaza kawai, kashi 95 na kayan haɗin kaza ne, ban da ruwan dahuwa. Idan an raɓa masa kalma irin ta liyafa ko kalaci, kashi 25 ya wadatar. Idan ya ce an yi shi "da kaza", kashi 3 ne, idan kuwa "ɗanɗanon kaza" ne to ya isa a ji alamarta. A Turai "da kaza" kashi 4 ne. Jerin kayan haɗi kuma bisa nauyi ake tsara shi, mafi nauyi a sama, kuma an fi so a ga an kira dabbar da sunanta.

Mutane da yawa suna ƙyamar ganin kayan ciki a jerin, kuma ƙyamar ba ta da tushe mai ƙarfi. Ma'anar da AAFCO ta ba su ta haɗa da hanta, ƙoda, huhu, saifa, jini da tumbin da aka wanke, ta cire gashi, ƙaho, haƙora da kofato. Kyanwar da ta kama ɓera ba ta ware tsoka ta bar sauran, kuma a kayan cikin ne bitamin da ma'adanai suka fi taruwa. Hanta ce kawai ake kiyaye yawanta, domin bitamin A idan ya yi yawa yakan sa ƙashin wuya ya sandare. Albasa da tafarnuwa kuwa ba su da gurbi ko kaɗan, suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa.

Ƙungiyar likitocin ƙananan dabbobi ta duniya, WSAVA, tana ba da shawarar a duba kamfanin kansa: ko yana da ƙwararren masanin abincin dabbobi, wa ke tsara haɗin, da irin gwajin da ake yi wa kayan kafin su fita.

Abubuwan da ake taƙaddama a kai

Wasu bincike sun sami alaƙa tsakanin cin abincin gwangwani, musamman na kifi, da ciwon da ke sa maƙoƙon tsofaffin kyanwoyi ya yi aiki fiye da kima, wanda aka fara bayyanawa a 1979. Ba a tabbatar cewa abincin ne sanadi ba. Ana jayayya kan karajinan, abin sa kauri da ake samu daga ciyawar teku. Rubuta "babu hatsi" ba ya nufin babu sitaci, don akan maye gurbinsa da dankali ko wake. Batun cewa busasshen abinci yana wanke haƙora ya tsaya ne ga nau'in da aka ƙera musamman don haka.

Ciyarwa da ajiya

Giram 100 na jiƙaƙƙen abinci yakan ba da kalori 70 zuwa 100, babbar kyanwa mai kilo 4 kuma tana neman wajen 200 zuwa 250 a rana, gwargwadon kazar-kazar ɗinta da ko an yi mata fiɗiya. Mai ciwon ƙoda abincinta daban ne, mai ƙarancin fosfaras, kuma likita ke zaɓa mata.

Ba a sayen gwangwanin da ya kumbura, ya yi tsatsa, ko ya loɓe a bakin murfi. Wanda aka buɗe a rufe shi a sa a firji, a ƙarar cikin kwana 2 zuwa 3, abin da ya rage a kwano bayan 'yan sa'o'i kuma a zubar, lokacin zafi ma ba a jira haka. Kyanwa ba ta son abinci mai sanyi, da hanci take fara ci, ɗan ɗumi kaɗan yakan tashi ƙamshin. Sabon abinci ana shigar da shi sannu a hankali cikin kamar mako ɗaya, ana gauraya shi da tsohon. Ba a yi mata horon yunwa don ta karɓi abin da ta ƙi: kyanwar da ta yi kwanaki ba ta ci ba, musamman mai ƙiba, kitse yakan taru a hantarta har ya kai ga halaka, don haka idan ta kwana ta wuni ba ta taɓa kwano ba a kai ta wurin likitan dabbobi.