HSS, SSS da HH: abin da haruffan nan suke nufi a gitar lantarki

Duk saurayi ko budurwar da ya fara neman gitar lantarki a Yamai, a shago ne ko a hannun wani da ke son rabuwa da tasa, sai ya ji ana jefa masa haruffa: wannan HSS ce, waccan SSS, ga kuma HH. Mai saye yakan gyaɗa kai don kada a ga baƙuntarsa. Haruffan kuwa ba sunan kamfani ba ne, ba kuma matakin inganci ba. Suna faɗar irin mikro ɗin da ke jikin gitar ne, da yadda aka jera su.

Mikro ɗin gita daban yake da wanda mawaƙi ke riƙewa, don shi ba ya jin murya. Maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, naɗi dubbai, aka dasa shi a ƙarƙashin tsirkiyoyi. In ka kaɗa tsirkiyar ƙarfe a samansa, rawarta tana haifar da ɗan ƙanƙanin kuran a cikin wayar, shi ne ke bin igiya zuwa ampili ya fito da sauti. Shi ya sa tsirkiyar roba ba ta aiki a gitar lantarki, maganaɗisu bai san da zamanta ba.

Harafin S na nufin mikro mai naɗi ɗaya, siririn nan mai ɗigon ƙarfe shida. Irinsa uku Leo Fender ya jera a jikin Stratocaster da ya fitar a Amurka a 1954, kuma jerin nan shi ne SSS. Muryarsa tas take, mai kaifi, kowace tsirkiya ana jin ta daban ko da yatsu na gudu. Kunnen mutanen Nijar ya saba da ita, don irin sautin da ake ji ke nan a yawancin bukukuwan da ake kiɗan gitar Abzinawa. Mdou Moctar, ɗan yankin Tawa, Stratocaster yake kaɗawa, da hannun hagu.

Sai dai naɗi ɗaya yana da hali. Ba rawar tsirkiya kaɗai yake ɗauka ba, yana kwaso har da ƙugin kuran da ke kewaye da shi: na fanka, na doguwar fitila, na cajar salula, na wayoyin da ke cikin bango. Kuranmu yana juyawa sau 50 a kowace daƙiƙa, kuma wannan juyin ne kake ji kamar “zzzz” a ampili alhali ba ka taɓa komai ba. Gwada ka juya jikinka da gitar a rataye, za ka ji ƙugin na raguwa ta wani ɓangare yana ƙaruwa ta wani. A gidan biki, inda aka ja waya ɗaya daga gurup aka rataya mata ampili da fitilu da firiji, abin yakan yi muni. In kuma ka ƙara wa ampili ƙarfi don ka samu kakkausar muryar kiɗan rok, ƙugin ma ka ƙara masa ƙarfi.

Don maganin wannan aka ƙirƙiro H, wato humbucker, sunan da ke nufin mai kashe ƙugi. Wani injiniya na kamfanin Gibson mai suna Seth Lover ya nemi rajistar nasa a 1955, aka fara sa shi a gitar Les Paul a 1957. Dabarar ita ce naɗi biyu gefe da gefe, kuran na bin ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, maganaɗisunsu ma a juye da juna. Ƙugin da ya shiga na farko sai na biyu ya soke shi, sautin tsirkiya kuwa sai ya haɗu ya ƙara ƙarfi. Abin da ke fitowa murya ce mai kauri da nauyi, wadda ta rasa ɗan kaifin nan na S amma take jure ƙarar ampili ba tare da hayaniya ba. Da ido ma ana gane shi, ya ninka S faɗi. Gita mai irinsa biyu ita ce HH, kuma masu rok mai nauyi sun fi karkata gare ta.

Ana karanta haruffan daga wajen jaki, inda tsirkiyoyi suka kafu a jikin gita, zuwa wajen wuya. To HSS ke nan: humbucker ɗaya kusa da jaki, masu naɗi ɗaya guda biyu a tsakiya da wajen wuya, da ɗan makunni mai matsayi biyar da ke zaɓar wanda zai yi magana. A ganina ita ta fi dacewa da mai koyo da kuɗinsa bai kai na gita biyu ba. Yau yana bin salon Bombino, makaɗin gitar Abzinawa, gobe abokai sun ja shi rok, duk gita ɗaya ta ɗauke masa. Yamaha Pacifica 012 da 112 haka jerinsu yake, Squier, wato reshen Fender mai rangwamen kuɗi, yana da nasa HSS, haka ma Ibanez Gio. Mai son HH da kuɗi kaɗan yakan duba Epiphone, wanda Gibson ya mallaka tun 1957.

Kada dai wani ya ce maka ba a yin rok da SSS. Jimi Hendrix, shahararren makaɗin rok, da Stratocaster ya yi nasa.

Ga inda nake saɓawa da masu cika baki a kan haruffa. Mikro ana iya cire shi a sa wani, mai gyaran rediyo da ya iya dalma zai yi maka. Wuyan gita kuwa in ya murɗe, gyaransa wahala ne. Zafin Afrilu da ke haura digiri 40 da bushewar hunturu suna sa katako ya tsuke, sai bakin ƙarafan da aka gindaya a wuya su leƙo suna yankar hannu, ko tsirkiyoyi su yi nisa da wuya har yatsun mai koyo su yi kanta kafin ya iya komai. Kafin ka biya, ɗaga gitar ka hango wuyan daga kai zuwa jiki, ka danna kowace tsirkiya a kowane gurbi ka ji ko tana kaɗawa sumul. Sa a jona ta da ampili a gabanka, ka bi matsayi biyar ɗin ɗaya bayan ɗaya, ka murɗa kowane maɓalli ka saurari ƙaraf-ƙaraf. Gitar hannu da yawa ana rubuta musu babban suna a ka alhali ba su ba ne, don haka hannunka da kunnenka su yi maka shaida. Sandar nan ta lanƙwasa sauti da ke jikin jaki, a gita mai araha takan ɓata saitin tsirkiya, mai koyo ya kwance ta ya ajiye tukuna.

Ka kuma rage kuɗin ƙaramin ampili da igiya mai kyau, don igiya marar kyau tana kawo ƙugin da humbucker ba ya iya kashewa. In kuwa ka taɓa tsirkiya ka ji kuran ya ɗan tsunkule ka, wannan ba maganar S ko H ba ce. Ampilin ne ko wayar gidan ba su da haɗi da ƙasa. Cire filogi nan take ka nemo mai gyaran kuran kafin ka sake jonawa.