Ba a Cikin Maye Edgar Allan Poe Ya Tsara Waƙoƙinsa Ba

An daɗe ana cewa giya da taɓin hankali ne suka haifi waƙoƙin ban tsoro na Poe, mawaƙi ɗan Amurka. Tushen zancen abokin gabarsa ne, Rufus Griswold, wanda bayan rasuwar mawaƙin a Baltimore a 1849 ya rubuta tarihinsa yana ɓata masa suna, har da wasiƙun Poe da ya jirkita. Poe ya yi fama da giya, gaskiya ne, amma waƙarsa "The Raven" (wato Hankaka) ta 1845 aikin lissafi ce: baiti 18, kowane da ɗango 6, jimla 108. A maƙalarsa ta 1846 ya ce tun farko ɗango kusan 100 ya nufa, don a karance ta a zama guda, kuma amshin ya zaɓa saboda amon sautinsa kafin ma ya samo hankakan da zai furta shi.