Waiwaye: Yadda Amurka ta fara rufe bakin masu ƙirƙira

Takardar mallakar ƙirƙira ciniki ne na ba ni gishiri in ba ka manda. Mai ƙirƙira ya bayyana wa jama'a yadda abinsa yake aiki, hukuma kuma ta ba shi shekara 20 yana cin moriyarsa shi kaɗai. A Amurka akwai dokar da ke iya warware cinikin ba tare da shawara da mai kayan ba.

Yaƙi ne ya haife ta. A watan Oktoban 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, majalisar dokoki ta ba ofishin rajistar ƙirƙira ikon riƙe duk takardar da ake tsoron za ta amfani abokan gaba. Da aka tsagaita wuta sai ikon ya kwanta, aka sake tayar da shi a 1940. Daga nan bai sake kwanciya ba, domin a watan Fabrairun 1952 Shugaba Truman ya sa hannu a kan dokar da ta mayar da shi na dindindin.

A rubuce, umarnin sirri, wato wanda ke hana mai ƙirƙira bayyana abinsa, shekara ɗaya yake yi, sai an sabunta. To amma dokar ta ce a lokacin dokar ta-ɓaci ba a buƙatar sabuntawa, kuma ta-ɓacin da Truman ya ayyana a 1950 saboda yaƙin Koriya ba ta ƙare ba sai 1978. Wanda ya karya umarnin zai iya shan ɗaurin shekara 2 ko tarar dala 10,000, takardarsa kuma ta bi ruwa.

Ba wanda zai ce a baje sirrin makami a kasuwa. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda dokar ke hawa kan mutanen da ba su karɓi ko sisi daga gwamnati ba. A 1977 Carl Nicolai da abokan aikinsa suka nemi rajistar wata na'ura da ke hautsina murya a waya don kada mai laɓe ya gane abin da ake faɗa. Maimakon takardar mallaka sai wasiƙa ta zo musu a 1978 cewa su ja bakinsu su yi shiru. Hukumar leƙen asiri ta NSA ce ta nemi a yi hakan. Sai da jaridu suka yi caa a kan maganar kafin a janye umarnin a cikin shekarar.

Na cikin gida ma ba su tsira ba. William Friedman, gwanin rubutun sirri na sojan Amurka, ya nemi rajistar wata na'ura a 1933, aka ba da takardar a 2000, shekara 31 bayan mutuwarsa.

Dokar ta yarda a nemi diyya, sai dai ta yaya mutum zai tabbatar da asarar cinikin kayan da aka hana shi ko da nuna wa mai saye? Alkaluman da ƙungiyar masana kimiyya ta FAS ke tattarawa sun nuna umarnin sirri fiye da 5,000 na aiki a 'yan shekarun nan, wasunsu a kan masu ƙirƙira masu zaman kansu.