Jakadan da ba mazauni ba: yadda ƙaramar ƙasa ke hulɗa da Afirka daga nesa

Lokaci-lokaci akan ji a labarai cewa shugaban wata ƙasar Afirka ya karɓi takardun kama aiki na sababbin jakadu da yawa a rana ɗaya, amma in aka zaga unguwar ofisoshin jakadanci ta babban birnin, ba za a ga tutar wasunsu ba. Waɗannan su ne jakadun da ba mazauna ba. Kowannensu cikakken jakada ne a idon doka, sai dai gidansa da ofishinsa suna wata ƙasa, ko ma suna can ƙasarsa ta asali. Zuwa yake yi, ya gama abin da ya kawo shi, ya koma.

Dalilin wannan tsari kuɗi ne da ƙarancin ma'aikata. Afirka na da ƙasashe 54 a Majalisar Ɗinkin Duniya. Ƙasa kamar Ayisland, wadda mutanenta ba su kai rabin miliyan ba, ba ta da halin biyan hayar gini, masu gadi, layin sadarwa na sirri da kuɗin makarantar 'ya'yan ma'aikata a birane hamsin da ɗoriya. Sai ta zaɓi biyu ko uku, ta rataya wa jakadun da ke can sauran ƙasashen.

Dokar da ta halatta haka tana cikin Yarjejeniyar Biyana ta 1961 kan hulɗar jakadanci. Sashe na 5 ya ba ƙasa damar naɗa mutum ɗaya jakada a ƙasashe da dama, muddin ta sanar da su kuma babu wadda ta fito fili ta ƙi. Matakan kuwa sai an bi su a kowace ƙasa daban. Da farko a aika sunan mutumin da tarihin aikinsa a nemi amincewa, kuma sashe na 4 ya ce ƙasar da ta ƙi shi ba dole ba ne ta faɗi dalili. In an amince, ya zo ya ba ma'aikatar harkokin waje kwafin takardarsa, sannan ya jira ranar da fadar shugaban ƙasa za ta sa masa ya miƙa ta asali. A nan ake yawan samun tsaiko. Fadar kan tara jakadu ta karɓe su rukuni guda, kuma wanda ba ya gari shi ne ake mantawa da shi. Jakadan da aka ba shekara uku ko huɗu da ƙasashe goma yana iya cin rabin wa'adinsa bai gama miƙa takardu ba.

Inda ƙaramar ƙasa ta kafa ofishinta na dindindin shi ke nuna abin da take nema a nahiyar. Niyu Ziland tana da ofisoshi a Alkahira, Firitoriya da Adis Ababa. Na Adis Ababa ya fi riba, domin nan ne hedikwatar Tarayyar Afirka, inda wakilan kusan duk ƙasashen nahiyar ke zaune, ga shi ƙuri'un Afirka 54 cikin 193 na Majalisar Ɗinkin Duniya ba abin wasa ba ne ga mai neman kujera a Kwamitin Sulhu na Majalisar, kamar wadda Niyu Ziland ta zauna a 2015 da 2016. Ayisland kuwa taimakon raya ƙasa ta bi: tana aiki a Malawi tun 1989, ta tattara ƙarfinta a gundumar Mangochi da ke bakin Tafkin Malawi, a Uganda kuma a gundumar Buikwe. Wannan hikima ce, a ganina. Kuɗi kaɗan in an watsa shi a ƙasashe ashirin ba ya barin alama, amma a gunduma ɗaya ana iya nuna asibitin haihuwa da rijiyoyin da ya gina. Singafo ta ɗauki wata hanyar: da yawa daga jakadunta na irin wannan suna zaune a gida Singafo, wasunsu 'yan kasuwa ne ko tsofaffin manyan ma'aikata, suna fita ziyara idan ta kama.

Wa ke riƙe aiki idan jakada ba ya nan? Mafi yawa ƙaramin jakada na girmamawa ne, wanda Yarjejeniyar Biyana ta 1963 ta tanada. Galibi ɗan ƙasar da ake aikin ne, ɗan kasuwa ko lauya, ba ya karɓar albashi, kuma ofishinsa na sana'a shi ne ofishin jakadancin, da ƙaramar tuta da hatimi a kan tebur. Yana iya ziyartar wanda aka tsare, ya taimaki wanda fasfonsa ya ɓata, ya haɗa 'yan kasuwa. Rigar kariyarsa ba ta wuce abin da ya yi a bakin aiki ba, kuma yawanci ba ya ba da biza. Ƙananan ƙasashen yankin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ke amfani da biza ɗaya, kan wakilta ofishin wata ƙasar yankin ya karɓi takardun biza a madadinsu. Inda babu irin wannan yarjejeniya, mai neman biza sai ya aika fasfonsa wata ƙasa ko ya yi tafiya da kansa, kuma wannan kaɗai ya isa ya kashe ciniki tun kafin a fara.

Ciniki ne ma ya fi shan wahala a wannan tsari. Aikin taimako yana da kasafi da jadawali, ana iya sa ido a kansa da ziyara biyu a shekara. Amma idan kwantenar kaya ta maƙale a tashar jiragen ruwa saboda takardar lafiyar abinci, ana bukatar wanda zai shiga ofishin kwastam gobe da safe, wanda ya san jami'in da sunansa. Jakadan da ke nisan tafiyar jirgi biyu wasiƙa kawai zai iya aikawa. Haka abin yake ranar juyin mulki ko tarzoma, lokacin da ake rufe filin jirgi kuma 'yan ƙasarsa na neman mafita. 'Yan Tarayyar Turai suna da sauƙi a nan, domin dokarsu ta ba wanda ƙasarsa ba ta da ofishi damar neman taimako a ofishin kowace ƙasa ta Tarayyar. Ɗan Singafo ko ɗan Niyu Ziland sai ya dogara da wayar ƙaramin jakada na girmamawa, ko da ofishin wata ƙasa ƙawa da ta yarda ta taimaka.