Jariri ba ya juyowa in an kira shi: tambayoyin iyaye a zangunan Kumasi

Yaushe uwa za ta fara zargin jaririnta ba ya ji?

Kafin wata 3, jariri mai ji yakan firgita in ƙofa ta bugu. Daga wata 4 zuwa 6 yana neman inda sauti ya fito, daga wata 7 zuwa shekara kuma yana juyowa in an kira sunansa. Abin da ke ruɗar iyaye shi ne, kurman jariri ma yana kuka da dariya kamar kowa a watannin farko. Sai bayan wata 6, lokacin da sa'anninsa suka kama gwarancin "ba-ba-ba", za a ga shi bai kama ba. Tafa masa hannu ba gwaji ba ne: yana iya ganin motsin, ko iska ta taɓa shi ya juyo.

Ina ake gwajin?

A nemi sashen kunne, hanci da maƙogwaro na asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi, ko cibiyar gwajin ji ta Korle Bu ga masu zama Accra. Gwajin OAE, ɗan abu mai laushi ake sa wa jariri a kunne na mintoci kaɗan yana barci, babu zafi. In bai wuce ba, kada hankali ya tashi tukuna, sau da yawa ruwan haihuwa ne bai bushe a kunnen ba. Sai a sake, sannan a yi ABR, wanda ake manna wayoyi a goshi da bayan kunne don a ga ko sauti yana bin jijiyar ji. Ƙa'idar masana ita ce: gwaji kafin wata 1, tabbatarwa kafin wata 3, fara taimako kafin wata 6. Bakwaini, da wanda ya yi shawara mai tsanani ko sanƙarau, ko aka yi masa allurar gentamicin ta kashe ƙwayoyin cuta, a sake duba shi ko da ya wuce gwajin farko.

Laifin uwa ne?

A'a. Fiye da 90 cikin 100 na kuramen yara, iyayensu masu ji ne. Kuma don Allah kada a ɗiga mai ko ruwan ganye a kunnen.

An ba shi na'urar ji, amma tana fito, kullum kuma yana cire ta.

Fiton yana nufin robar da aka ƙera daidai kunnensa ta yi masa sako-sako. Kunnen jariri yana saurin girma, shi ya sa a shekarar farko ake sake robar a kai a kai. Kowace safiya uwa ta rufe na'urar a tafin hannu: in ta yi fito, batir na da rai. Gumi da damshin damina suna kashe ta, don haka da dare a buɗe murfin batir, a ajiye ta cikin kwalba mai ƙwayoyin tsotse danshi. A sa masa hula mai igiya don hannu ya daina kai wa kunne, a maƙale na'urar da zare a rigarsa. Batirin nan ƙanana a ɓoye su sosai. In yaro ya haɗiye, asibiti nan take.

Maganar hannu ba za ta hana shi maganar baki ba?

Ba ta hanawa. Abin da ke cutar da yaro shi ne ya shekara uku babu harshe ko ɗaya, na baki ko na hannu, alhali a shekarun nan ne ƙwaƙwalwa ta fi kama harshe. Ghana tana da cikakkiyar maganar hannu tata. Tun 1957 Andrew Foster, kurma ɗan Amurka, ya buɗe makarantar kurame a Osu da ke Accra, yanzu kuma akwai wata a Jamasi, kan hanyar Kumasi zuwa Mampong. Amma kada a jira shekarun makaranta. A nemi kurma babba a unguwa, ko ƙungiyar kurame ta ƙasa, GNAD, duk gidan su koya, har kaka da yayye. A fara da nono, ruwa, wanka, zo, barci.

Me uwa za ta yi a gida kullum?

Goyo yana da daɗi, amma yaron da ke baya ba ya ganin bakin uwarsa ko hannunta. Uwa mai dama koko a unguwar Aboabo tun asuba, in ta sami sarari ta sauke shi ta ɗora a cinya, fuska da fuska, haske a kan fuskarta, tazara kada ta wuce mita ɗaya. Ta taɓa kafaɗarsa, ta jira ya dube ta, ta ɗaga kofi kusa da bakinta ta ce "ruwa", ta yi alamar da hannu. Sai ta yi shiru ta ba shi dama. Ko ƙafa ya motsa, ta amsa masa. A kashe rediyo a wannan lokacin, domin na'urar tana ƙara hayaniya tare da murya. Ihu ba ya taimakawa, yana ɓata sautin ne.

Gidanmu Hausa da Twi ake yi, sai mu koma Turanci?

Ba sai an koma ba. Uwa ta yi masa harshen da ta fi sakewa a cikinsa, wanda take waƙar reno da shi.