Bayyanar ɗanyen kod a burauza

Bayyanar ɗanyen kod a burauza matsala ce da ke aukuwa idan sabar, wato kwamfuta ko manhajar da ke aiko da shafin intanet, ta miƙa wa mai ziyara fayil ɗin shiri yadda aka rubuta shi, ba tare da ta gudanar da shi ba. An fi ganinta a shafukan da aka gina da PHP, yaren da Rasmus Lerdorf ya fitar a 1995, amma takan shafi rubutun Perl ko Python da ke bi ta hanyar CGI, wato tsarin da sabar ke bi ta gudanar da wani shiri ta aika sakamakonsa. Wani lokaci kod ɗin ne zai cika allo, wani lokaci kuma burauza ta sauke fayil ɗin kamar wata takarda.

Tushen abin guda ne. Burauza ta san HTML da CSS da JavaScript, amma PHP aikin sabar ne. Duk kod ɗin PHP da ya iso gaban mai ziyara, to sabar ba ta gudanar da shi ba. Masu koyo kan ɓata lokaci suna neman kuskure a cikin rubutun, alhali galibi ba a can yake ba. Kod mai kuskure da aka gudanar kan ba da saƙon kuskure ne ko farin shafi.

Mafi sauƙin musabbabi shi ne buɗe fayil kai tsaye daga kwamfuta. Idan adireshin ya fara da file:/// maimakon http://localhost, babu wata sabar a tsakani ma. Tun daga PHP 5.4 na 2012, umarnin php -S localhost:8000 ya isa a tayar da ƙaramar sabar gwaji.

A manhajar sabar ta Apache, ana buƙatar a ɗora mod_php ko a haɗa da PHP-FPM, waɗanda su ne ke gudanar da PHP ɗin, sannan a sanar da sabar cewa duk fayil mai ƙarewa da .php a miƙa shi ga PHP. Wannan haɗin ne ke yawan yankewa bayan an sabunta tsarin Linux na Debian ko Ubuntu: sabuwar sigar PHP ta sauka, ba a kunna nata mod_php da umarnin a2enmod ba. Nginx, wani nau'in sabar da Igor Sysoev ya fitar a 2004, ba ya gudanar da PHP da kansa ko kaɗan. Sai an rubuta masa sashen location mai ɗauke da fastcgi_pass, umarnin da ke tura fayil ɗin ga PHP, in ba haka ba ya aika fayil ɗin ɗanye.

Akwai wani nau'in da ya fi ruɗarwa. Idan aka sa PHP cikin fayil mai ƙarewa da .html, ko aka buɗe da gajeriyar alamar <? alhali saitin short_open_tag da ke ba da damar amfani da ita a kashe yake, burauza kan ɓoye farkon kod ɗin har zuwa alamar > ta farko, ta nuna ragowar. Sai a ga gutsure irin "; ?> a tsakiyar shafi. Duba asalin shafin da Ctrl+U ne ke fito da komai fili. Rubutun CGI kuwa yana buƙatar Options +ExecCGI da AddHandler cgi-script a saitin Apache.

Illar ta wuce munin gani. Fayil irin wp-config.php na WordPress, manhajar gina shafuka, na ɗauke da kalmar sirrin rumbun bayanai a fili. A Agustan 2007 kuskuren saitin sabar ya bayyana kod ɗin shafin farko na Facebook. Saboda haka, bayan an gyara saitin an sake tayar da sabar, dole a canza duk kalmar sirrin da ta fita. A kuma share ma'ajiyar burauza kafin gwaji, domin takan ci gaba da nuna tsohon fayil ɗin ko da gyaran ya kama.