Me ya sa ƙwayar gadon sikila ba ta ɓace ba?

Ɗalibai da yawa a Jos suna shiga ajin bayoloji da tunanin cewa zaɓin yanayi, wato yadda halittun da suka fi dacewa da muhallinsu suka fi rayuwa da haihuwa, yana share duk ƙwayar gado mai cutarwa, ya bar mai ƙarfi kaɗai. Da haka ne, da tuni sikila ta ƙare a ƙasar nan. Amma ga shi kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, wato ya gaji ƙwayar sikila (S) daga ɗaya cikin iyayensa, da ta lafiya (A) daga ɗayan.

Amsar tana wajen sauro. A 1954 Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa yara masu AS sun fi masu AA jure zazzaɓin cizon sauro. Inda maleriya ke kashe ƙananan yara, mai AS ya fi samun damar girma, ya yi aure, ya haifa, sai S ta bi jinin 'ya'yansa. Mai SS kuwa, wato mai ciwon sikila, Allah sarki, a da da wuya ya kai shekarun aure. S tana raguwa ta wajen masu SS, tana ƙaruwa ta wajen masu AS, shi ya sa ta zauna daram cikin jama'a.

Yawan ƙwayar cikin al'umma, zuriya bayan zuriya, shi ake aunawa a fannin nazarin gado. Kuma ku sani mai AS yana kamuwa da maleriya, tsananinta ne kawai ke raguwa.